Lallen Inna Mai Farin Ganye

Jikata ce ta shigo da ita makon jiya, ta rungumo ta kamar jaririya. Wata ƴar shuka ce a tukunyar roba, daga Yamai ta sayo ta, ganyenta rabi kore rabi fari, sai reshe guda a sama da ya fito fari fat, babu ɗigon kore ko ɗaya. Ta aje ta a bakin tagata, daidai inda rana ke faɗowa, ta ce, "Kaka, dubi wannan reshen. Mai sayarwa ya ce in duk ta koma haka, ta fi kyau, ta fi daraja." Na miƙa hannu na taɓa farin ganyen, na ji shi siriri kamar ɓawon albasa, sai wani tsohon fushi ya taso mini. Na ɗauka tsufa ya kashe wannan fushin. Ashe kwance yake kawai, kamar garwashi a ƙarƙashin toka.

Ka yi haƙuri da ni, mai karatu, in ka ji muryata ta yi kaushi. Ni mace ce mai son labari mai daɗi. Akwatina cike yake da ƙananan littattafan soyayya da na yi ta saye a kasuwa tun idona yana da ƙarfi, kuma na fi son wanda ke ƙarewa da guɗa. Wannan da zan ba ka ba ya ƙarewa da guɗa.

A Gaya aka haife ni, a zamanin Nasara, tun ba a ɗora gada a kan kogi ba. Gidanmu yana unguwar da ke gangarawa bakin ruwa, inda hayaƙin bandar kifi ke gauraye da ƙamshin sabon rake. Babana yana da babban jirgin katako, yana ƙetarar da mutane da kaya zuwa gaɓar Dahome, ya dawo da doya da manja da goro. A can ƙetaren ya samo mahaifiyata. Ɗiyar Dandawa ce, Hausarta ma a gidanmu ta nuna. Ina da shekara huɗu ta rasu wajen haihuwa, ita da abin da ke cikinta. Ban riƙe fuskarta ba. Babu hoto, wa ke ɗaukar hoton matar mai jirgi a wancan lokacin? Danginta suka zo suka kwashe kwanukanta da tufafinta suka koma ƙetare. Abu guda suka bari, don ba ya ɗaukuwa a kai: lallenta.

An ce ranar da aka kawo ta gidan, cikin kayanta akwai ɗan sanda, tsawonsa bai wuce taƙi ɗaya ba, naɗe a jiƙaƙƙen tsumma. Daga lallen gidan uwarta ta yanko shi. Ta dasa shi a bayan ɗakinta, inda ruwan wanka ke malalowa, kafin in yi wayo har ya fi Baba tsawo. Kai da ka san lalle, ka san ba abin kallo ba ne, kowane shinge a Gaya da shi, kore shar, akuya ma ba ta ɗaga kai ta dube shi. Na Inna daban yake. Kowane ganye da farin baki, kamar an tsoma gefensa a ƙwaryar nono. Wani rabinsa fari, wani ɗigo-ɗigo kamar bayan zabuwa. Jefi-jefi kuma sai reshe guda ya fito fari sol, tun daga gindi har kai. Da damina, in ya yi fure, ƙamshinsa ke tarbar ka tun daga zaure, ni kuwa na kan tsuguna a gindinsa in rufe ido, in ce wa raina haka jikin Inna yake ƙamshi.

Kakata, uwar Baba, ita ta raine ni, ita kuma ta raini lallen. Tsohuwa ce gajeriya, mai kaifin harshe, ba ta cika yabon kowa ba, amma ta so surukar nan tata so na gaske. Kowace Juma'a da hantsi sai ta ɗauko wata ƴar wuƙa mai ƙotar ƙaho, ta zagaya lallen tana leƙe kamar mai neman ƙwarƙwata. Duk reshen da ta ga ya fito fari zalla, sai ta bi shi har inda kore ya fara, ta datse. Ni kuwa farin nan shi ne raina. Wata rana na riƙe mata zane ina kuka, na ce ta bar mini ko guda. Ta dube ni ta ce, "Ke uwar mafarki, saurara. Farin nan baƙo ne, ba ya noma, ba ya girki. Koren ke dafawa, shi yana ci. Baƙo ɗaya, baƙo biyu, gida na ɗauka, har ma ya yi kyau da su. Ranar da baƙi suka fi masu gida yawa, tukunya ta kife."

Ba ta tsaya a magana ba. Ta soke farin reshen da ta yanke a ƙasa mai laima, ta yanko wani mai kore ta soke kusa da shi, ta ce ni zan riƙa ba su ruwa. Kwana bakwai farin ya langaɓe ya mutu, mai koren ya fid da toho. Da idona na gani. Ka riƙe wannan, don kada ka ce yarinta ce, ba ta sani ba. Na sani.

A unguwarmu abu uku ne ba a hana maƙwabci: garwashi, ruwan sha, da lalle. In za a yi suna ko biki ko Salla, mace takan shiga kowane gida da ƴar ƙwaryarta ta ce ta zo a sam mata lalle, kuma wadda ta hana, sunanta ya ɓaci har kasuwa. Kakata ba ta taɓa hanawa ba, amma ba ta taɓa barin hannun wata ya hau itacen ba. Ita ke ɗiba da kanta, nan kaɗan can kaɗan, tafi guda, ta ce a je a cika da na shinge. Dalili kuwa, kowace mace ta san farin ganye ba ya kamu. In ka daka shi, ka ƙunsa, ka kwana da shi, da safe hannunka yana nan yadda yake. Don haka duk wadda aka sakar wa itacen, koren za ta bi tana tsinta ɗaya bayan ɗaya, ta bar farin a tsaye. Mata suna kiran kakata marowaciya a bayan idonta. Ta sani, ko a jikinta.

Ina da shekara goma sha biyu na yi abin da ya jawo komai. A bakin kogi ne, muna wanki da ƴan matan unguwa. Wata ta dubi kaina ta ce kitson tsofaffi ne, dama wadda ba ta da uwa haka take yawo. Aka yi dariya. Zuciyata ta yi zafi, sai na ji bakina ya buɗe da kansa. Na ce ni uwata ta bar mini abin da uwayensu duka ba su da shi. Na ce ranar da Baba ya fara ganinta, hannunta kaɗai ya gani a kan bakin jirgi, ja wur da lallen nan, sai ya manta da sandar tuƙi, ruwa ya yi ta jan jirgin har Tunuga bai sani ba. Na ce duk wadda ta ƙunsa lallen nan, wanda take so ba zai ƙara ganin wata mace a duniya ba. Na ce farin da ke jikin ganyen, ranar da ta rasu ya fito, hawayen Baba ne suka zuba a kai. Babu gaskiya ko ƙwaya ɗaya a ciki. Tun a gidan uwarta lallen yake da farinsa, Baba kuma ta hannun wani dillalin goro ya nemi aurenta. Amma na ga idanunsu sun buɗe, na ga wadda ta zage ni ta saki baki, daɗi ya kama ni. Na ƙara gishiri, na ƙara yaji.

Bayan girbi ƙanwar Baba da ke aure a Tanda ta haihu, kakata ta shirya tafiya wankan jego. Da asuba, kafin ta fita, ta kai ni bayan ɗaki ta danƙa mini ƴar wuƙar a hannu. Ta ce kowace Juma'a in datse fari, kuma kada koren da zai fita daga gidan ya wuce tafi guda a mako. Sannan ta juya ga Gwaggo, yayar Baba, wadda ta dawo gida da zama bayan rasuwar mijinta, tana tuyar masa a ƙofar gida. Ta ce mata ta sa ido. Gwaggo ta yi dariya ta ce, "Iya, tafi abinki. Itace ne fa, ba jariri ba."

Itace ne fa. Shekara nawa ke nan, har yau in na tuna kalmar nan sai haƙorana sun haɗu.

Kwana uku da tafiyar kakata ƴan matan bakin kogi suka fara zuwa, biyu-biyu, suna sunne kai suna dariya. Gwaggo ta ce su shiga su ɗiba, mai gadin ba ta nan. Daga nan labarina ya bar hannuna. Ya shiga kasuwa, ya hau jaki ya tafi Bana, ya shiga jirgi ya sauka Tunuga. Ranar kasuwa sai ka ga matan da ba mu taɓa gani ba, matan masunta da Hausarsu mai karkata, matan fatake, zawarawa, har tsofaffin da ya kamata a ce sun wuce wannan, kowace da ƙwarya a ƙarƙashin mayafi. Suna kawo wa Gwaggo goro, suna ce mata uwar alheri, suna cewa ashe gidan nan da mutum a ciki. Ita kuwa ta yi ta kumbura kamar masarta a tanda. Gwaggo ba muguwa ba ce, wannan shi ya fi ba ni haushi. Da mugunta ta yi, da na san inda zan aje ta. Yabo kawai take so, aka saye ta da shi da arha.

Na yi magana. Na tsaya a gaban itacen na buɗe hannuwa na ce Kaka ta ce tafi guda. Gwaggo ta jawo ni gefe da kunne ta ce, "So kike a ce gidanmu gidan rowa ne har jikoki? Abin da Allah ya tsiro daga ƙasa za ki hana ɗiyan mutane? Gobe wa zai zo bikinki?" Matan suka yi shewa, suka ci gaba da tsinta. Ina jin ƙarar ganyen yana barin reshe, ƙas-ƙas, ƙas-ƙas, kamar ana cire mini gashi.

Yanzu ga nawa laifin, ba zan ɓoye maka ba. Da aka rage koren, itacen ya yi ta fid da sabon toho don ya rama, kuma da yawa cikin tohon fari ne zalla. Juma'ar farko na fito da wuƙar, na kama reshe guda, rana ta hudo ta cikin ganyen, ya yi haske kamar fitila a bayan farin ƙyalle. Hannuna ya ƙi. Na ce bari sai Juma'a mai zuwa. Juma'a ta zo, sun zama biyar, sun fi na da kyau. Sai na fara gaskata ƙaryar da na ƙirƙira da bakina. Na ce wa raina Inna ce ke mini magana, ita ce ke aiko da farin nan don ta ga ana zaluntata. Wace ɗiya ce za ta sa wuƙa ta yanke gaisuwar uwarta? Na soke wuƙar a cikin jinkar ɗaki, ban ƙara taɓa ta ba. Da safe na kan zauna a gindinsa ina kallon fararen rassan suna rausaya, ina saƙa labarai a raina, ina ba Inna fuska, ina ba ta murya. Mata na zuge masu girki, ni ina tara baƙi.

Kwana arba'in suka cika, kakata ba ta dawo ba. Aka aiko cewa mai jegon ba ta da lafiya, sai ta ƙara zama. Sanyi ya wuce, zafi ya fara leƙowa. A lokacin ne matar tafinta ta zo.

Tafinta shi ne bakin kwamanda, Nasaran da ke mulkin garin, kuma kunnensa. Abin da ya faɗa wa Nasara shi ne gaskiya, abin da ya ƙi faɗa bai faru ba. Ɗiyarsa za ta auri wani ma'aikacin gidan waya, uwar kuwa ta ji labarin lallen da ke ɗaure miji. Ta shigo gidanmu da hantsi, da takalmi mai ƙwas-ƙwas, turarenta ya danne ƙamshin masar Gwaggo, bayanta mata biyu ɗauke da masaki, irin babbar ƙwaryar da ake auna hatsi. Ba ta ce a sam mata ba. Cewa ta yi, "Ina itacen?" Gwaggo har tuntuɓe take wajen nuna hanya.

Ranar Baba yana gida, yana zaune a inuwa yana tufka igiyar jirgi. Na ruga na faɗa a ƙafarsa na ce, "Baba, za su ƙarar da na Inna." Ya ɗaga kai ya dubi matan, ya dubi masakin, ya mai da idonsa kan igiya. A hankali, yadda ni kaɗai zan ji, ya ce, "Takardar jirgina ta hannun mijinta take bi, ɗiyata." Hannunsa ya ci gaba da tufka. Na girma, na yi aure, na san abin da ake nufi da ciyar da gida, na gane tsoronsa. Ganewa daban, hucewa daban. Ko tashi bai yi ba. Ko kalma ɗaya bai gwada ba, ko ta roƙo.

Matar tafinta ta tsaya a inuwa tana fifita, tana ba da umarni. "Koren kaɗai. Ku tsince shi tas, farin ba ya kamu, kada ku ɓata mini lalle." Suka bi reshe-reshe, har na ƙasa da ke ɓoye a bayan tulu, har na sama da suka tanƙwaro da ƙugiya. Sai na ji ba zan iya ba. Na tsaya a tsakar gida na ɗaga murya na ce, "Ƙarya ne! Ni na ƙirƙira a bakin kogi! Ba ya ɗaure kowa, lalle ne kawai!" Suka dube ni, suka fashe da dariya. Ɗaya ta ce, "Ji ƴar rowa, jikar kakarta." Na rantse, na yi kuka, na ce su tambayi Baba. Babu wadda ta juya. Ƙaryata ta yi daɗi da yawa, gaskiyata ba ta da mai saye.

Da za su fita, masaki ya cika har ya yi tozo, matar tafinta ta dafa kaina da hannunta mai zobba ta ce, "Kukan me kike, ƴar nan? Ai mun bar miki mai kyan."

Mun bar miki mai kyan. Na juya na dubi lallen Inna, wallahi ban taɓa ganin abin da ya kai shi kyau ba. Fari fat daga sama har ƙasa, kamar an lulluɓe shi da sabon alawayyo. Da yamma rana ta sauka a kansa ya koma kamar zinariya. Mutane suka riƙa shigowa kallo. Gwaggo tana tsaye tana karɓar barka, tana cewa hasken marigayiya ne, alama ce ta ƴar Aljanna ce. Ni da na ga abin da ya sami farin reshen da kakata ta soke a ƙasa, na san me nake kallo, amma ina so in yarda da Gwaggo. Na yini ina yarda, ina ƙaryatawa.

Na yi abin da yarinya za ta iya. Safe da yamma na ɗebo ruwa daga kogi a kaina na zuba masa. Na kwaso kashin awaki na barbaɗa a gindi. Ban san cewa ruwa da taki kayan miya ne kawai ba, in babu mai girki a gidan, ko ka cika rumbu yunwa za a kwana da ita. Bazara ta sauka da ƙarfinta, irin zafin Gaya da ke tasowa daga ƙasa ya haɗu da na sama. Fararen ganyen ba su da abin tare rana. Bakinsu ya fara yin ja, ya ƙanƙance kamar takarda kusa da wuta. Na cire zanena na ɗaura a kan sanduna na yi masa rumfa. Ya yunƙura sau ɗaya, ya fid da wani toho ƙanana-ƙanana kamar farcen jariri, su ma farare. Suka bushe tun ba su buɗe ba. Daga nan rassan suka fara mutuwa daga kai suna gangarowa. Kullum sai in sa farce in kankare ɓawon in ga inda ɗanyen ya tsaya, kullum yana ƙara sauka ƙasa. Masu ƙwarya suka daina zuwa. Masu kallo ma suka daina. Babu wadda ta leƙo ta ce ya jikin itacen.

Hadarin farko yana haɗuwa kakata ta dawo, a bayan kamyon, babbar motar da ke ɗauko gyaɗa daga Tanda. Ba ta sha ruwa ba, ba ta amsa sannu da zuwa ba, ta wuce bayan ɗaki da ƙullin kayanta a kai. Ta daɗe a tsaye. Ta kama reshe guda ta tanƙwara, ya ce ƙas. Ta juyo ta ce mini, "Ina wuƙar?" Na zaro ta daga jinka na miƙa mata. Ta yi tsatsa. Ta juya ta a hannu, ta dubi tsatsar, ta dube ni.

"Ba ki yanka ba."

"Kaka, sun yi kyau ne."

"To, ga kyan nan. Ci."

Da ta doke ni da ya fi mini sauƙi. Ta juya ga Gwaggo, wadda ta fara jero sunayen manyan matan da suka shigo gidanmu, ta ce, "Na ji an naɗa ki uwar alheri. Da kayan matacciya kika yi alherin, da gadon marainiya. In kyauta kike so, me ya hana ki raba masarki?" Gwaggo ta ce, "Haba Iya, itace ne fa." Kakata ba ta ƙara kallonta ba. Baba yana bakin zaure, ta ce masa, ba da ƙarfi ba, "Yarinyar nan ta ƙetaro kogi da sanda guda a jiƙaƙƙen tsumma, ta raya shi a gidanka. Kai da jirgi guda ka kasa tsare mata." Baba ya ɗauki sandar tuƙinsa ya fita, bai dawo ba sai bayan la'asar.

Washegari kakata ta wasa wuƙar a dutse, ta aro gatari, ta sare itacen har ƙasa, ta bar kututture bai kai tsawon hannu ba. Ta ce in da sauran rai a saiwa, ruwan sama zai faɗa mana. Muka kewaye shi da ƙaya. Ruwa ya sauka, mako ɗaya, mako biyu, babu komai. A mako na uku na ga wani ɗan tsiro ya fasa ƙasa a gefen kututturen. Na yi ihu har maƙwabta suka leƙo. Kakata ta durƙusa da ƙyar ta duba shi da kyau, ta miƙe ba ta yi murmushi ba. Ta ce, "Ya rayu. Amma kore ne."

Ban gane nufinta ba sai daga baya. Tsiron ya girma, ya yi rassa, ya yi fure, ya fi na da ƙarfi ma. Kore shar. Kowace damina na kan bi ganyensa ɗaya bayan ɗaya ina neman ɗigon fari ko guda, ban samu ba. Farin yana cikin rassan da suka mutu, saiwar ba ta riƙe shi ba. Baba, ba tare da ya faɗa wa kowa ba, ya ƙetara ya je garin su Inna neman uwar itacen. Ya tarar ruwa ya ci unguwar shekarun baya, mutanen sun tashi, inda gidan yake ya zama gonar shinkafa. Ya dawo hannu wofi ya zauna a zaure. Abin da ya rage mana lalle ne irin na kowane shinge a Gaya. Wadda ta ƙunsa ma ba ta tambayar daga ina yake. Hannun Inna guda ɗaya da ya rage a duniya, mun taru mun goge shi, kowa da nasa dalilin mai kyau.

Auren ɗiyar tafinta bai kai damina biyu ba. Da labarin ya iso mini, ban ce Allah sarki ba. Nasara suka tafi, tafinta ya koma ba kowa ba, har na gan shi yana jiran jirgi a layi kamar sauran mutane. Gwaggo ta rayu ta tsufa, ba ta taɓa cewa ta yi kuskure ba. Na yi mata wanka da hannuna ranar da ta rasu, na roƙa mata gafara, kuma da gaske nake. Amma in ka tambaye ni ko na huce, zan ce maka a'a. Ina fushi da al'adar da ta ce kunya ta fi amana. Ina fushi da matan da suka san sarai me suke bari a kan itacen, don kowace a cikinsu ta taɓa shuka wani abu a bayan ɗakinta. Ina fushi da zamanin da ya sa namiji mai ƙarfin tuƙa jirgi gaba da ruwa ya kasa ɗaga ido a gidansa. Fiye da duka ina fushi da yarinyar nan mai mafarki, wadda aka ba wuƙa da ilimi a hannu, ta zaɓi ta zauna tana kallon kyau.

Yanzu gada ta daɗe a kan kogi, manyan motoci ke wucewa dare da rana, jirgin Baba ko katakonsa babu. Ƴan mata ba sa shiga gidaje neman lalle, a leda suke saye, wani ma baƙi ne mai warin magani. Gidanmu an rushe an yi shaguna. Shuke-shuke masu farin ganye kuwa, waɗanda a da sai ka yi tafiyar kwanaki ba ka ga ɗaya ba, ga su nan a bakin titi ana sayarwa, kuma ga mai sayarwa yana faɗa wa jikata abin da matar tafinta ta faɗa mini.

Ranar Juma'a da hantsi na ɗauki almakashin ɗinkina. Na janye tukunyar daga rana, na bi farin reshen da yatsa har inda kore ya fara, na datse. Jikata ta shigo daidai lokacin, ta saki ƙara, "Kaka! Shi ne fa mafi kyau!" Na ce, "Na sani." Na sa mata almakashin a hannu, na ce kowace Juma'a ta duba, na faɗa mata maganar baƙi da masu gida yadda aka faɗa mini. Ta aje almakashin da ƙarfi ta fita. Farin reshen ban jefar ba, na buɗe ɗaya daga cikin tsofaffin littattafaina na kwantar da shi a tsakiya, can ne wurinsa.

Yau kwana biyu ke nan ba ta gaishe ni da fara'a ba, abincina ma sai ta aje ta juya. Na ƙyale ta. Gara ta yi fushi da ni kwana biyu, da ta yi fushi da kanta shekara saba'in.